Substance P: sinadarin da ke rura raɗaɗi da kumburi, da yadda ake aiki da shi a ɗakin gwaji

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina digiri na biyu a fannin nazarin aikin magunguna a jiki, kuma ina gwada sassaƙen wata bishiya da mutanen garinmu ke jiƙawa su sha don ciwon gaɓoɓi. Malamin da ke duba aikina ya ce in auna Substance P a jinin ɓerayen gwaji, in kuma sayi garinsa. A jikin kwalbar an rubuta cewa na bincike ne kawai. Mene ne wannan sinadari? In shi ke kawo ciwo, me ya hana a yi maganin ciwo mai toshe shi? Kuma in ya ragu a jinin ɓerayen bayan na ba su jiƙon, na samu hujja ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce za ta iya cinye miki kuɗi da watanni. Raguwar Substance P a jini ita kaɗai ba hujja ba ce cewa jiƙonki ta wannan hanya yake kwantar da ciwo. Sinadarin ba a cikin jini yake aikinsa ba. Yana aiki ne a ɗan ƙanƙanin fili tsakanin bakin jijiya da ƙwayar da ke kusa da ita, a cikin laka ko a cikin fata da gaɓa, sannan jiki ya yayyanka shi kafin ya yi nisa. Abin da ke yawo a jini ragowa ce. Amma ba za ki gamsu da wannan ba sai kin san ko shi wane ne, saboda haka ki yi haƙuri mu bi abin daga tushe.

Kafin nan, wata 'yar matsala ta harshe. A Hausa jijiya ɗaya muke ce wa mai ɗaukar jini da mai ɗaukar saƙo. A nan in na ce jijiyar ji, ina nufin mai kai saƙon zafi, taɓi da ƙaiƙayi zuwa laka da ƙwaƙwalwa. Mai ɗaukar jini kuwa zan kira ta magudanar jini.

A shekarar 1931 aka fara cin karo da shi a Landan, a ɗakin gwajin Henry Dale. Wani matashi ɗan ƙasar Suwidin, Ulf von Euler, da abokin aikinsa John Gaddum suna tace ƙwaƙwalwa da hanjin doki. Suka sami wani abu da ke sa hanjin zomo ya motsa, yana kuma saukar da ƙarfin bugun jini. Da farko an zaci asetilkolin ne, wani ɗan aiken jijiyoyi da aka riga aka sani, amma da aka zuba atrofin, wanda ke kashe aikin asetilkolin, abin bai fasa aikinsa ba. Suka busar da shi ya zama gari, ana yi masa alama da harafin P, sunan kuma ya bi shi har yau. Kusan shekara arba'in aka yi ana aiki da shi ba a san tsarinsa ba. A 1953 Fred Lembeck a birnin Graz na ƙasar Ostiriya ya lura cewa ya fi yawa a saiwar jijiyar da ke shigar da saƙo cikin laka fiye da wadda ke fitar da umarni zuwa tsoka, ya ce lalle wannan ɗan aiken jijiyoyin ji ne. Sai a 1970 da 1971 Susan Leeman da ɗalibinta Michael Chang a Amurka suka ware shi tsantsa daga ƙwaƙwalwar shanu, suka karanta jerinsa. Ita ma ba shi ta fita nema ba. Wani sinadari daban take farauta, sai ta ga wani kaso na abin da ta tace yana sa ɓeraye dalalar da yawu, ta bi sawun yawun har ya kai ta ga garin von Euler.

Gajeren feftayid ne, wato 'yar sarƙa ta amino asid goma sha ɗaya kacal, wadda ake rubutawa RPKPQQFFGLM (kowane harafi amino asid ɗaya ne), da wutsiyar amid a ƙarshe. Nauyinsa kusan 1348 ne. Ki riƙe siffar nan, don duk wahalar da za ki sha da shi a ɗakin gwaji daga ita take fitowa. Goshin sarƙar yana da arjinin da laisin, masu cajin da ke sa shi manne wa gilashi da wasu ƙwayoyin jiki. Wutsiyar kuma ba ta son ruwa, ita ce mabuɗin da ke shiga kwaɗon makarɓinsa, wato wurin da ke karɓarsa a jikin ƙwaya, wanda ake kira NK1. In aka cire amid ɗin nan, mabuɗin ya zama kusan banza. Yana da 'yan'uwa, niyurokinin A da niyurokinin B, da suke da wutsiya iri ɗaya da tasa, kuma dangin gaba ɗaya ana ce musu takikinin, saboda saurin da suke sa hanji ya tsuke.

Ina yake zaune? Akwai siraran jijiyoyin ji da ake kira zaren C, marasa rigar kitse, masu tafiyar hawainiya, da ƙyar suke kai mita biyu a daƙiƙa. In kin yi tuntuɓe, akwai zafin farko mai kaifi da ke zuwa nan take, sannan bayan ɗan lokaci wani zogi mai nauyi ya biyo baya. Na biyun nan aikin zaren C ne. Uwar kowace irin wannan jijiya tana cikin wani ƙullutu a gefen ƙashin baya, tana da hannu biyu: ɗaya ya miƙa zuwa fata, gaɓa ko hanji, ɗaya ya shiga laka. A 1975 Tomas Hökfelt a Stockholm ya nuna Substance P ƙarara a cikin waɗannan ƙananan ƙwayoyi. Uwar ce ke ƙera shi, ta tura shi ta hannayen biyu, kuma kaso mafi yawa waje yake tafiya, ba cikin laka ba. Nan ne amsar dalilin da ya sa sinadari ɗaya yake da hannu a raɗaɗi da kumburi lokaci guda.

A cikin laka, ba shi ne babban ɗan aike ba. Gulutamet ne ke kai saƙon gaggawa, cikin ƙiftawar ido. Substance P ana ajiye shi a manyan buhuna da ba sa fashewa sai bugun ya yi tsanani ko ya daɗe yana maimaituwa. In ya fito, ba ya tsayawa a bakin ƙofa ɗaya, yakan bazu, ya kama NK1 a ƙwayoyin da ke saman laka, ya ɗaga su a hankali na tsawon daƙiƙoƙi. Wannan ɗagawar tana buɗe wa gulutamet wata ƙofa da ake kira NMDA, wadda a da maganiziyam ya toshe. Daga nan bugu iri ɗaya sai ya riƙa haifar da amsa mai ƙaruwa, har taɓin da bai kai ya kawo ba ya zama ciwo. Duk wanda ya taɓa ƙonewa ya san yadda gefen ƙunar, inda wuta ba ta taɓa ba, ke ƙin ko da shafar riga. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina cewa Substance P mai rura wuta ne, ba shi ke ƙyasta ashanar ba. A 1998 aka samar da ƙananan ɓeraye da aka cire musu ƙwayar gadon da ke ƙera shi. Suna jin ƙaramin zafi kamar kowane ɓera. Inda suka bambanta shi ne a zafi matsakaici zuwa mai tsanani, kuma kumburin da jijiya ke haddasawa ya kusa ɓacewa a jikinsu.

Wannan kumburin shi ya fi shafar aikinki, don haka bari in daɗe a kansa. Ki sami bayan cokali ko murfin biro ki ja layi da ɗan ƙarfi a cikin damtsenki, inda fata ta fi haske. Da farko layin zai yi ja. Bayan kamar rabin minti jan zai fantsama gefe da gefe, ya wuce inda kika taɓa. Bayan 'yan mintoci kuma layin zai ɗan taso, musamman ga mai fatar da ke saurin yin ruɗu-ruɗu. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai, amma za ki ji ɗumin wurin, ki kuma ji tudun da yatsa. Thomas Lewis ya bayyana wannan a 1927. Fantsamar nan ta gefe jijiya ce ta yi ta. Saƙon da ya taso daga inda aka ja bai tafi laka kawai ba, ya juyo ta wasu rassan jijiyar ya dawo fata, rassan suka zubar da abin da ke bakinsu. Abu biyu suke zubarwa tare: Substance P da wani feftayid mai amino asid 37 da ake kira CGRP, wanda aka gano a 1982. CGRP yana buɗe ƙananan magudanan da ke kawo jini, shi ne ja da ɗumi. Substance P yana sa ƙwayoyin da suka shimfiɗe cikin ƙananan magudanan da ke kwashe jini su ja jiki, a sami tsaga a tsakaninsu, ruwan jini da furotin su tsiyayo waje, shi ne kumburi. Yana kuma zungurar ƙwayoyin mast, wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune a cikin nama, su amayar da histamin, sinadarin da ke kawo ƙaiƙayi da kumburi, yana kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa wurin. Su kuma waɗannan sinadarai su sake zungurar jijiyar, ta ƙara zubarwa.

Barkono ne ya buɗe wa masana wannan ƙofa. Kafsaisin, wato abin da ke sa yaji ya yi zafi, yana kama waɗannan jijiyoyi kai tsaye. Miklós Jancsó da abokan aikinsa a Szeged ta ƙasar Hangari su suka nuna cewa in aka yawaita shi, jijiyoyin sukan yi shiru, kumburin da suke jawowa ya daina faruwa. A 1978 aka nuna kafsaisin yana ƙarar da Substance P daga bakin jijiyoyin ji a laka, kuma shekara guda kafin nan Thomas Jessell da Leslie Iversen sun nuna dangin mofin suna hana fitarsa. Makarɓin kafsaisin kansa, TRPV1, David Julius ne ya gano shi a 1997, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2021. Za ki ga littattafai da yawa suna cewa man shafawa na barkono yana aiki ne don yana ƙarar da Substance P. Ni ban yarda a tsaya nan ba. Kafsaisin mai yawa yana kashe aikin bakin jijiyar ɗungurungum na wani lokaci, ƙarewar Substance P alama ce ɗaya daga cikin abin da ya faru.

To, da duk wannan, me ya hana a sami magani? An nema, kuma an zuba dukiya mai yawa. A 1991 kamfanin Pfizer ya fito da CP-96,345, sinadari na farko da ba feftayid ba mai toshe NK1, wasu kamfanoni suka biyo baya. A dabbobi sakamakon ya yi kyau. Da aka zo kan mutane, a ciwon bayan tiyata, ciwon gaɓoɓi, ciwon jijiya na masu ciwon sukari da ciwon ɓarin kai, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Kafin shekarar 2000 ta wuce yawancin kamfanoni sun janye. An kuma sa rai a kan ciwon damuwa bayan wani gwaji na 1998 da ya ba da fata, manyan gwaje-gwajen da suka biyo baya suka rushe fatan. Inda maganin ya tsaya da ƙafarsa shi ne amai. A 2003 aka amince da aprepitant, wani mai toshe NK1, a Amurka don hana tashin zuciya da aman da maganin kansa irin su cisplatin ke jawowa, musamman aman da ke zuwa bayan kwana ɗaya, saboda cibiyar amai a gindin ƙwaƙwalwa cike take da NK1. Likitocin dabbobi ma suna da maropitant don aman karnuka.

Dalilan faɗuwar suna da yawa, kuma kowannensu darasi ne gare ki. NK1 na ɓera ba daidai yake da na mutum ba. Bambancin amino asid kaɗan ya sa maganin da ke kama na mutum da na ɓeran Masar da ƙarfi yake kama na ɓeran gwaji da rauni, sai an ba da mai yawa, a wannan yawan kuma yakan taɓa wasu wuraren da ba a nufa ba. Sannan fatar mutum ba ta ɓera ba ce. A ɓera, in aka zunguri jijiya, ruwan jini yakan tsiyayo sosai. A lafiyayyar fatar mutum abin da ya fi fitowa shi ne buɗewar magudanan jini, wanda aikin CGRP ne. Wannan ya fito fili a ciwon ɓarin kai: masu toshe NK1 sun hana tsiyayar ruwa a rufin ƙwaƙwalwar ɓera amma ba su taimaki marasa lafiya ba, masu toshe CGRP kuwa suka yi nasara, aka amince da erenumab a 2018. Abokin tafiyar da aka raina shi ya ci kasuwar.

Akwai kuma gwajin Patrick Mantyh na 1997 a Minnesota, wanda nake ganin ya fi kowanne bayyana lamarin. Ya ɗaura wa Substance P wata guba mai suna saforin, ya zuba a lakar ɓeraye. Ƙwayoyin da ke da NK1 suka haɗiye shi tare da gubar suka mutu. Tsananin jin ciwo bayan rauni ya ragu matuƙa, jin ƙaramin zafi na yau da kullum kuma bai taɓu ba. Wato ƙwayoyin suna da muhimmanci ƙwarai, amma NK1 ƙofa ɗaya ce daga ƙofofin gidansu. Ka kulle ta, saƙo ya shiga ta wata. Daga baya kuma, daga 2015, ɗakin gwajin Xinzhong Dong a Jami'ar Johns Hopkins ya nuna muhimmancin wani makarɓi na daban a ƙwayoyin mast, MRGPRX2 a mutum, Mrgprb2 a ƙaramin ɓera, wanda Substance P ke kamawa ba tare da ya bi ta NK1 ba. Maganin da ya toshe NK1 bai san da wannan ƙofar ba sam.

Kada ki ɗauka abin ya yi nisa da mu. Duk wanda ya zauna a asibiti ya ga mai hawan jini da aka ɗora a kan lisinopril ko captopril ya dawo da busasshen tari mai ƙaiƙayin maƙogwaro da ba ya jin maganin tari. Sinadarin da waɗannan magunguna ke toshewa, ACE, yana cikin masu yayyanka Substance P da wani sinadarin kumburi mai suna biradikinin, in aka hana shi aiki sai su taru a hanyar numfashi. Kumburin leɓe da harshe da wannan rukunin magani ke jawowa lokaci-lokaci ya fi yawa a baƙar fata. Sai sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu fama da ita. Wani bincike na 1998 a Amurka ya sami Substance P ya fi yawa a jinin masu sikila, yana kuma ƙaruwa lokacin tashin ciwo, aikin da aka yi kan ɓeraye masu sikila kuma ya nuna hannun ƙwayoyin mast da kumburin jijiya a raɗaɗin. Duk da haka har yau babu mai toshe NK1 da aka amince da shi don ciwon sikila. Abin yana ci mini rai, don wannan fage ne da ya kamata a ce mu ke kan gaba a cikinsa, marasa lafiyar a gabanmu suke kullum.

Mu dawo kan kwalbarki. Rubutun da ke cewa na bincike ne kawai yana nufin ba a ƙera shi da ƙa'idar maganin mutane ba: ba a tabbatar babu ƙwayar cuta ko gubar bakteriya a ciki ba, kuma yakan zo da ragowar asid ɗin da aka tace shi da shi. Ba na sha ba ne, ba na allura ga mutum ba, ko da kanki. In ya shiga jinin mutum yana buɗe magudanai, fuska ta yi zafi, jini ya sauka, zuciya ta hau bugu. Gubar bakteriyar nan ma tana da muhimmanci ga bincike. In kina auna sinadaran kumburi daga fararen ƙwayoyin jini, ɗan kaɗan daga cikinta ya isa ya ba ki sakamakon da za ki jingina wa Substance P alhali ba nasa ba ne.

Garin busasshe yana da juriya, zai iya kwanaki a hanya ba tare da ya lalace ba. Da ya iso ki sa shi a firiza mai sanyin 20 ƙasa da sifiri, cikin gwangwani mai abin tsotse laima. Ran da za ki buɗe, ki fito da shi ki bar shi a rufe har ya daina sanyi, in ba haka ba raɓa za ta sauka a kai, balle da damina. Ki ɗan juya kwalbar a injin juyawa don garin ya taru a ƙasa. Miligiram ɗaya wani ɗan farin dusa-dusa ne da ƙyar ido ke gani, kada ki yi yunƙurin auna shi a sikeli, ki narka shi a cikin kwalbarsa. Ki duba takardar da ta zo da shi, akwai lamba biyu da ɗalibai ke rikitawa. Tsarki, misali kashi 98 cikin ɗari, yana nufin yawan sarƙoƙin da suke daidai a cikin feftayid ɗin. Ainihin nauyin feftayid kuwa yana gaya miki nawa ne feftayid a cikin garin, sauran gishiri ne da ruwa. In da garin duka feftayid ne, miligiram ɗaya a maikurolita 742 zai ba ki ruwa mai ƙarfin milimola ɗaya a kowace lita. In kashi 80 ne, maikurolita 594 za ki zuba. Wanda bai lura ba ya fara aikinsa da kuskuren kashi 20 tun kafin ya taɓa dabba.

Ki narka da tsabtataccen ruwa ko ruwan asetik asid mai rauni, kamar mola 0.05 zuwa 0.1. Nan take ki rarraba shi ƙanana-ƙanana a robobi, kowace ta aikin yini ɗaya, ki daskarar. Wadda aka narkar ba ta komawa firiza. Metiyonin, amino asid ɗin da ke wutsiya, yana saurin haɗuwa da iskar oksijin, saboda haka kada ki yi ta kaɗa shi yana kumfa. Matsalar wuta kuwa kin fi ni saninta. Ki binne robobin a tsakiyar gorunan ruwa da suka daskare, a can ƙasan firiza, ba a ƙofa ba. Ki daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, ki ɗora ƙusa a kan ƙanƙarar, ki ajiye kusa da su. Ran da kika tarar da ƙusar ta nutse, kin san an narke an sake daskarewa a bayan idonki.

Abin da ya fi cin mutane shi ne mannewa. Ni ma ya ci ni a farkon aikina. Na rataya guntun hanjin ɓeran Masar a kwamin gwaji, yana amsa histamin da asetilkolin lafiya lau, alƙalamin na'ura yana hawa yana sauka. Na sirka Substance P daki-daki a ruwan gishiri zalla cikin kwalaben gilashi tun da safe, na zo da rana ina ɗigawa. Ƙananan awo shiru, layi a miƙe kamar ba a zuba komai ba, sai a manyan awo hanjin ya ɗan motsa. Mako biyu ina zargin garin. Wata babbar ma'aikaciyar ɗakin gwajin ce ta tsaya ta kalli yadda nake yi, ta ce in sa albumin, wato furotin ɗin ruwan jini, kashi 0.1 cikin ɗari a ruwan sirkin, in koma robobin da ba sa kama furotin, in kuma riƙa sirkawa dab da lokacin zubawa. Washegari ɗigon farko na nanomola kaɗan ya sa hanjin ya tsuke, alƙalami ya haura. Feftayid ɗin duk yana jikin bangon kwalba. Ki kuma sani nama yana da almakasai masu yanka shi, nefrilaisin da ACE da wasunsu, shi ya sa ake zuba phosphoramidon ko thiorphan, da captopril da bestatin a kwamin, don su toshe almakasan. Kuma NK1 yana gajiya: in ya kama Substance P, ƙwayar takan haɗiye shi ciki, zubi na biyu da ya zo da wuri ba zai ba da amsa irin ta farko ba. Ki ba da tazara, ki wanke sosai.

Ki kula da awo. NK1 yana amsawa a nanomola. In sai kin kai maikuromola kafin ki ga wani abu, to wataƙila makarɓin ƙwayoyin mast kike taɓawa, ko makarɓan 'yan'uwansa NK2 da NK3. Hanyar rarrabewa ita ce ki sa mai toshe NK1 ki ga ko amsar za ta ɓace, kuma ki zaɓi wanda ya dace da dabbarki: RP-67580 na ɓeraye ne, CP-99,994 ya fi dacewa da mutum da ɓeran Masar.

Game da aunawa a jini, in malaminki ya tsaya a kai, a yi shi da kyau. A ɗebi jinin a robar EDTA (mai hana jini sandarewa) mai sanyi da aprotinin (mai hana yanka feftayid) a ciki, a kan ƙanƙara, a juya shi da sanyi cikin mintoci, a daskarar. A tace samfurin ta matatar C18 kafin ELISA, wato gwajin da ke auna yawan sinadarin, a kuma karanta takardar kayan awon a ga nawa yake ruɗuwa da 'yan'uwansa niyurokinin A da hemokinin. Alƙaluman da ake bugawa na Substance P a jini sun sha bamban ƙwarai daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan, galibi saboda hanyar ɗiba da tacewa. Kamun dabbar da tsoratar da ita ma na iya motsa lambar. Ko a nama kika auna, a laka ko a fatar tafin ƙafa, fassarar tana son natsuwa: raguwa na iya nufin an rage ƙera shi, tana kuma iya nufin jijiyar ta zubar da shi da yawa har rumbun ya yi ƙasa. Abu biyu masu kishiyantar juna, lamba ɗaya.

Da ni ke duba aikinki, ga inda zan karkatar da kuɗin, bayan kwamitin kula da haƙƙin dabbobi ya amince. Kumburin da kowa ke haddasawa da allurar sinadarin karajinan a tafin ƙafar ɓera ba zai gaya miki komai kai tsaye game da jijiya ba, don histamin, serotonin, biradikinin da furostagilandin duk suna ciki. Ki yi gwaji biyu a jere. A na farko ki shafa kafsaisin a kunnen ɓera, wanda zai sa jijiyar ta zubar da nata Substance P. A na biyu ki yi allurar Substance P ɗin da kika saya a cikin fata, kin tsallake jijiyar ke nan. Kafin kowanne ki sa shuɗin rinin Evans a jini. Rinin yana kama albumin, duk inda magudanai suka tsage wurin zai yi shuɗi kina kallo. Ki yanke fatar, ki jiƙa a formamaid don ya fitar da rinin, ki karanta a na'urar auna launi a nanomita 620. In jiƙonki ya hana shuɗin kafsaisin amma bai hana na Substance P ba, a kan jijiya yake aiki, yana hana fitarwa. In ya hana duka biyun, aikinsa yana gaba da nan, a makarɓi, a ƙwayoyin mast ko a bangon magudanar jini, sai ki kawo RP-67580 da maganin histamin ki kwatanta. Ki sa rukunin da aka ba ruwan narkin kawai, kuma wanda zai karanta sakamakon kada ya san wane ɓera ne ya sha me. Sassaƙe yakan cika da tanin, mai kama feftayid ya zaunar da shi, saboda haka kada ki taɓa haɗa jiƙon da Substance P a sirinji ɗaya ko roba ɗaya, ki ba da jiƙon ta baki kamar yadda mutanen garinku ke sha, ki jira awa guda kafin allurar.